Lahadi, ranar rabon kujeru

Kakar wasa ta ƙare, kuma yau ce ranar da kwamitin gasarmu ta tseren motoci a wasan bidiyo ya ware don rabon kujeru, wato a tsayar da motar da kowane direba zai ja. Ƙungiyoyi 10 ne, kowace da mota biyu, kujeru 20 ke nan, masu nema kuwa sun fi haka. Wasan da muke tsere a cikinsa, wato F1 na EA Sports wanda Codemasters ke haɗawa, yana ba da zaɓi biyu: ko a daidaita ƙarfin motocin duka, ko a bar kowace da irin ƙarfinta na zahiri. Inda aka daidaita, kujera fenti ce kawai, kowa ya ɗauki launin da ya yi masa. Mu mun bar kowace mota da ƙarfinta, saboda haka kujerar da mutum ya samu yau ita za ta yanke masa rabin abin da zai girba a kaka mai zuwa.

Da safe shawarar farko da aka kawo ita ce a bi teburin maki kawai, wanda ya fi maki ya fara zaɓa. Ban goyi bayanta ba, kuma dalilin yana cikin tsarin makin kansa. Muna amfani da wanda Formula 1 ke bi tun 2010: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. Daga na 11 zuwa na 20 babu mai samun komai. Direban da yake jan mota mafi rauni yana kai ta matsayi na 11 kowane mako, da wanda yake karo a kwanar farko ya fita, duk sifili gare su a teburi. Rabin direbobin ke nan ba a ganin aikinsu. Sannan makin na mota da direba ne a haɗe. Mai mota mai ƙarfi ya tara maki, makin ya sake ba shi mota mai ƙarfi, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Kaka biyu a haka, waɗanda ke baya za su fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari ana tsere da mota 12.

Aikin yau, ke nan, shi ne raba direba da motarsa a lissafi. Hanya mafi kusa ita ce a gwada shi da abokin ƙungiyarsa, tunda mota iri ɗaya suke ja. Tana da amfani, amma ba ta isa ba. Wanda aka haɗa da sabon shiga zai fito kamar gwani, wanda aka haɗa da zakara kuma zai fito kamar bai iya ba, alhali mai yiwuwa ya fi na farkon gudu. Shi ya sa jiya Asabar aka yi tseren gwaji da motoci masu ƙarfi ɗaya, saiti ɗaya ga kowa, a filaye uku: Monza don birki mai nauyi bayan doguwar hanya, Suzuka don kwanoni masu bin juna da gudu, Hungaroring don ƙananan kwanoni inda totur ke buƙatar ƙafa mai taushi. Kowanne kashi 25 cikin ɗari na cikakken tsere. An hana duk wani taimakon tuƙi na cikin wasan da aka hana a gasar, domin wanda ya yi gwaji da birkin da ba ya kulle taya zai sha mamaki ranar da aka kashe masa shi.

Wasu sun so a yi amfani da sashen gwajin lokaci na cikin wasan, don ya fi sauƙi. A can taya ba ta cinyewa, babu mota a gabanka, kuma za ka iya maimaitawa har sai zagaye ɗaya ya yi kyau. Abin da yake aunawa shi ne wa ya fi samun lokacin zama gaban allo.

Yawancin safiyar ta tafi a tace zagaye. Ga kowane direba ana cire zagayen farko, da zagayen shiga canjin taya da na fitowa, da duk wanda aka yi a bayan motar tsaro, wadda ke fitowa ta rage wa kowa gudu idan an yi hatsari, da wanda aka yi masa karo ba laifinsa ba. Abin da ya rage a jera shi daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, a ɗauki na tsakiya. Na tsakiya ya fi a tara a raba, domin juyi ɗaya da ya ci daƙiƙa 12 zai ɓata matsakaicin zagaye 13 gaba ɗaya, amma na tsakiya ba zai motsa sosai ba. Kurakuran suna da nasu gurbin a lissafi, bai kamata a hukunta su sau biyu ba.

Daga nan sai a mayar da tazarar zuwa kashi cikin ɗari. Nan ne gasa da yawa suke tuntuɓe, suna tara daƙiƙu daga filaye daban-daban kamar duk ɗaya ne. Filin Ostiriya kilomita 4.3 ne, Spa kuma ya kai 7. Rabin daƙiƙa a zagayen daƙiƙa 65 kashi 0.77 ne, a zagayen daƙiƙa 105 kuwa kashi 0.48. Idan mafi sauri ya yi daƙiƙa 90, wani ya yi 90.9, tazararsa kashi 1 ce, kuma wannan lambar za ta iya zama kusa da ta kowane fili. Taya ma sai an lura da ita. Ba a gwada zagayen mai taya mai laushi da na mai tauri, ba a kuma gwada farkon tsere da ƙarshensa, tunda mota tana rage nauyi yayin da mai ke ƙonewa. A gwajin jiya an tilasta wa kowa taya iri ɗaya don a rufe wannan ƙofar.

Nauyin da muka ɗora tun kafin kaka ta fara shi ne: gudu a tsere 40, fifiko kan abokin ƙungiya a zagayen neman gurbin farawa da kuma tsere 25, tsabtar tuƙi 20, halarta 15. Na ji daɗi da aka rubuta wannan tun farko. Da yau za a tsayar da shi, kowa ya riga ya san lambar da za ta taimake shi, kuma ba wanda zai yarda cewa ba don wani aka sa ta ba.

Tsabtar tuƙi ta jawo muhawara bayan azahar. iRacing, wani wasan tseren motoci na intanet, yana da tsari sananne: maki 1 idan ka fita daga hanya, 2 idan mota ta kuɓuce maka ko ka bugi bango, 4 idan kun yi karo mai ƙarfi da wata mota, ba tare da tambayar wa ke da laifi ba. Ga dubban mutanen da ba su san juna ba wannan yana aiki, domin a tsere masu yawa mai ganganci zai fito fili. A gasar mutum 20 da tsere 16 zalunci ne. Wanda yake gaba shi kaɗai ba ya haɗuwa da kowa, na tsakiya kuwa a cikin cunkoso yake rayuwa. Saboda haka laifin da alƙalan gasa suka duba bidiyo suka tabbatar kawai muke ƙirgawa, a raba da yawan tseren da mutum ya shiga. Tarar da wasan yake bayarwa da kansa kan yanke kwana ta riga ta shiga lokacinsa, ba ma sake ƙirga ta.

Halarta ba ta da wuya. Sai wanda ya yi tsere 12 cikin 16 zai shiga rabo. Wanda intanet ta yanke masa ana lissafa shi ya zo, a bar gudunsa na ranar. Wanda bai zo ba kuma bai sanar ba awa 24 kafin lokaci, sifili.

Da jerin ya fito daga 1 zuwa 20, sai babbar tambayar: wa zai samu mota mai ƙarfi? Akwai masu son a juya, mafi gudu ya ɗauki mota mafi rauni. Tsere yana yin daɗin kallo a haka, amma mutane za su fara rage gudu da gangan a gwaji da kuma makonnin ƙarshe. Akwai masu son a haɗa na 1 da na 20, na 2 da na 19, har zuwa na 10 da na 11. A takarda yana da kyau, kowace ƙungiya jimillarta 21. A aikace na 20 ne zai zauna a mota mafi ƙarfi, na 10 da na 11 su tashi da mafi rauni, wato mutum ya fi ƙoƙari an ba shi abin da ya fi muni. Wannan ba zan iya kare shi gaban kowa ba.

Abin da aka tsayar da yamma shi ne: na 1 zuwa na 3 su zaɓi kujera ɗaya-ɗaya a ƙungiyoyi uku masu ƙarfi, ba biyu a wuri ɗaya ba. Kujeru ukun da suka rage a waɗannan ƙungiyoyi a jefa musu ƙuri'a tsakanin na 11 zuwa na 20, amma sai wanda makin tsabtarsa ya haura rabi zai shiga ƙuri'ar. Sauran mutum 14 su zaɓi kujeru 14 na ƙungiyoyi bakwai bisa matsayinsu, daga na 4. Har yanzu na 10 zai iya tunanin gara ya sauka na 11 ya gwada sa'a. Don haka a wajen gudu, idan sakamakon gwaji da na kaka suka saɓa sosai, wanda ya fi kyau ake ɗauka wa mutum, ya rage gudu jiya ko bai rage ba.

Mutum biyu sun yi kunnen doki a na 7. An raba su da wanda ya fi samun matsayi mafi kyau a tsere ɗaya, kamar yadda ake yi a Formula 1.

Da dare aka yi ƙuri'ar kai tsaye a manhajar hira ta Discord, allon a buɗe kowa yana gani, aka kuma saka jadawalin lissafin gaba ɗaya, har da zagayen da aka cire wa kowa da dalilin cirewa. Akwai awa 48 na ƙorafi, kan kuskuren lissafi kawai, ba kan nauyin makin ba. Musayar kujera sai mutanen biyu sun yarda, kuma motocin su kasance a rukuni ɗaya. Sababbin shiga ba su da sakamakon kaka, saboda haka za su fara a benci, su yi tsere uku a motar duk wanda bai zo ba. Bayan tsere na biyar za a sake duba jerin, kuma wanda ya yi fashi biyu ba sanarwa, kujerarsa ta koma hannun na farko a benci.