Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Agogo Ya Yaudare Ni

Makon jiya mun tsaya a inda motar kaya ta tashi daga ƙofar gidan da muka yi shekara goma sha ɗaya a ciki, ina gidan gaba rungume da kwalin da na naɗe kan keken ɗinkina, maigidan da yara uku suna biye da mu a ƙaramar mota. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin hanya ba. Mun tashi da asuba, mun iso rana ta yi sanyi, babu abin da ya fashe sai madubi ɗaya.

Garin da aka mayar da maigidan aiki titi ɗaya ne mai kwalta, sauran duk rairayi. Da direba ya ce mun iso, na leƙa ina neman inda garin yake, ashe mun riga mun wuce rabinsa. Ni da na saba in fita ƙarfe shida don in isa shago ƙarfe takwas saboda cunkoson motoci, sai ga ni a wurin da mutum zai taka daga wannan ƙarshe zuwa wancan kafin guminsa ya tsattsafo.

Daren farko ban runtsa ba. A birni hayaniya tana da masu ita: janaretan maƙwabci, hon ɗin motoci, masu faɗa a bakin layi. Ka san kowacce, ka san lokacin da za ta mutu. Wannan kuwa gurnani ne guda ɗaya da ba ya gajiya, ya taso, ya faɗi, ya sake tasowa. Cikin dare na taɓa maigidan na ce, "Wai ba a kashe abin nan?" Ya yi dariya har sai da autarmu ta motsa. Har yau idan yana son tsokanata wannan maganar yake ɗaukowa.

Da gari ya waye muka je muka gan shi, ashe teku ne. Gani ya kori ji. Babban ɗana, wanda a lokacin yana da shekara goma sha uku kuma komai sai ya bincika a waya, ya ce, "Umma, kin san layin can da ruwa ya haɗu da sama bai wuce kilomita 5 daga nan ba? Duniya ce ta lanƙwasa, shi ya sa ba kya ganin gaba." Na ce masa ko kilomita ɗaya ne ni dai ba zan je dubawa ba.

Abin da ya fara yi mini maraba a garin, tun kafin mutane, gishiri ne. Ba a ganin sa, amma yana ko'ina. Ka share gilashin taga da safe, da yamma ya yi dishi-dishi. Ka lashi leɓenka ka ji shi. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri wajen giram 35, kuma duk igiyar da ta fashe a gaɓa tana watsa feshi cikin iska. Daga azahar zuwa yamma iskar daga teku take kaɗowa, domin ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, iskar da ke kanta ta yi sama, ta teku mai sanyi ta shigo ta maye gurbinta. Wannan iskar da muke buɗe ƙofa muna jin daɗinta, ita ce take shigo da ɓarna. Gishiri yana sauka a kan ƙarfe, ya jawo danshi ya riƙe, tsatsa ta samu gindin zama. Sabon kwaɗon da muka sa a ƙofa bai yi mako uku ba ya fara gardama. Takalman fata da na jera a ƙarƙashin gado suka yi furfura da fumfuna. Shanya kuwa sai ta wuni a igiya, ka taɓa ka ji ta kamar ta bushe kamar ba ta bushe ba.

Sai kuma rijiya. Ta gidanmu ruwanta garau, ta gidan da ke bayanmu zartsi, alhali tsakaninsu bai kai taku arba'in ba. Na ɗauka ko wani abu aka zuba. Daga baya na fahimci cewa a irin wannan ƙasa ruwan daɗi yana zaune ne a kan ruwan gishiri, don ya fi shi rashin nauyi, kamar mai a kan ruwa. Masu wancan gida sun ƙara wa rijiyarsu zurfi suka sa inji suna ja ba ƙaƙƙautawa, sai na ƙasan ya biyo. Tun da na ji haka na hana maigidan maganar sa inji. Guga ya ishe mu.

Duk wannan lokacin keken ɗinkina yana cikin kwalinsa a kusurwar ɗaki. Na ce sai na huta, na ce sai na san mutane. Gaskiyar magana ita ce zuciyata ba ta sauka ba. A birni ina da mata sama da talatin da ba sa kai ɗinkinsu ko'ina sai wurina. A nan wa ya san ni? Buɗe kwalin nan a wurina kamar amincewa ce cewa zama ya zo, ni kuwa ina lissafin shekara biyu mu koma.

Wanda ya fara sanina wani dattijo ne da yake zama a inuwa kusa da inda ake jan kwale-kwale, yana gyaran taru. Kullum na wuce sai na rusuna na ce, "Baba, barka da aiki." Shi kuma ya ce, "'Yata, ya baƙunta?" Iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan, sai ranar da zan ba ku labarinta.

Akwai wani tudun rairayi da yake fitowa a gaban gaɓa idan ruwa ya janye, fari fat, mai faɗi, tsakaninsa da gaɓa wani ɗan kwari ne da ruwansa bai wuce idon sawu ba. Wata Asabar na kwashi yara muka haye da ƙarfe huɗu. Suka yi ta guje-guje suna tsintar bawon kodi, ni ina zaune a kan zane. Muka yi awa biyu cur, kuma ruwan sai ƙara nisa yake yi da mu. Wannan ce yammar farko da na ji garin ya ɗan kwanta mini. Sai na rubuta a kaina: ƙarfe huɗu zuwa shida, lokacin tudu. Haka birni ya koya mini. Komai yana da ƙarfensa, ka riƙe ƙarfen ka tsira.

A makon da ya biyo na leƙa da la'asar na ga babu tudun, ruwa ya shafe shi. Na ce iska ce ta yi yawa yau. Baƙo ko da idonsa makaho ne.

Bayan kwana goma sha biyu, ranar Alhamis, na ga tudun ya fito da yamma kamar wancan karon. Babban yana makaranta bai dawo ba, sai na ɗauki ƙananan biyu, mai shekara bakwai da autar mai shekara uku, muka haye da ƙarfe huɗu daidai. Na shimfiɗa zane, na ajiye jaka da takalma, na ba gari baya ina kallon teku. Na sa ido sosai a kan igiyar da ke gabanmu, don ni a tunanina idan haɗari zai zo ta nan zai ɓullo.

Ta baya ya zo. Wajen biyar da rabi na ji ana kwaɗa kira. Na waiga na hango Baba a tsaye yana ɗaga hannu biyu, tarun da yake gyara yashe a ƙasa. Ɗan kwarin nan da muka tsallako ruwa bai kai mana ƙauri ba ya zama rafi, faɗinsa ya ninka, kuma yana gudu a kaikaice kamar an buɗe masa ƙofa. Tudun da muke kai ya koma tsibiri, yana ta tsukewa.

Ban san lokacin da na goya autar da zanen da muke zaune a kai ba. Na damƙi hannun yayanta na nufi ruwan kai tsaye. Baba ya yi mini tsawar da ban taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba: "Tsaya nan! Kar ki shiga ta nan!" Ya nuna can gefen dama, inda ruwan ya fi faɗi. A idona nan ne ya fi muni, ashe nan ne ya fi rashin zurfi, inda na nufa kuwa rami ne da ruwa ya haƙa. Wasu samari biyu suka shigo da gudu, ɗaya ya saɓa yaron a wuya, ɗaya ya riƙe ni a damtse. Ruwan ya kawo mini ƙugu, rairayi yana zamewa a ƙarƙashin tafin ƙafata kamar ana janye tabarma. Autar ba ta yi kuka ba sai da muka taka busasshiyar ƙasa, sannan ta buɗe maƙogwaro.

Jaka, waya, takalma ƙafa uku da makullin gida duk suna can. Kafin magariba babu tudun, babu alamarsa.

Da jikina ya daina rawa na ce, "Baba, wallahi da ƙarfe huɗu na zo, kamar wancan karon."

Ya dube ni ya ce, "'Yata, wa ya gaya miki ruwa yana da agogo? Wata yake bi. Yau nawa ga wata?"

Na yi shiru, don na manta rabon da in ɗaga kai in duba. A birni fitilu ba sa barin mutum ya lura. Ya ce sha biyar. Sannan ya zaunar da ni ya karanta mini abin da jikokinsa 'yan shekara biyar suka sani. Ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu, amma zagayen ba ya ƙarewa a awa 24, sai ya ɗora kusan minti 50. Don haka cikar yau ba za ta zo a lokacin ta jiya ba, kullum sai ta ƙara jinkiri. Ranar Asabar ɗin nan na tarar da ruwan yana kan tafiya, shi ya sa ya bar mini awa biyu. Yau na tarar da shi ya riga ya juyo. Kuma dawowar tasa ba a tafiya ɗaya take ba: cikin awa shida da yake ɗauka ya cika, farko a hankali yake tahowa kamar ba ya motsi, sai a awa biyun tsakiya ya kawo rabin ruwan gaba ɗaya. A cikinsu na zauna na ba shi baya. Ga kuma wata ya cika, lokacin da ruwa ya fi janyewa nesa kuma ya fi dawowa da yawa, haka ma idan wata ya ɓuya zai tsaya sabo. A kwana bakwai da kwana ashirin da biyu ne yake lafawa.

Da daddare babban ɗana ya ƙara mini da nasa karatun, wai idan rana da wata suka yi layi ɗaya da duniya jansu yake haɗuwa, kuma wai a mashigin Fundy da ke Kanada tsakanin cika da janyewa yakan kai mita 16, a Bahar Rum kuwa da ƙyar ake lura da bambancin. Na ce, "Da ka faɗa mini wannan makon jiya, da yanzu ina da waya."

Maigidan bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan zafi. Ya zo ya tarar da mu tsugune a ƙofar gida jiƙe sharkaf, ya ƙirga yaransa da ido, ya ɗauki dutse ya buga wa kwaɗon sau biyu. Kwaɗon da mai sayarwa ya rantse ɓarawo ba ya iya masa ya buɗe baki, garin tsatsa yana zubowa daga cikinsa.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Wata yarinya ce 'yar kimanin shekara tara, riƙe da rigar makaranta da ta yage daga hammata har ƙasa. Ta durƙusa ta ce, "Kakana ne ya aiko ni. Ya ce an ce ke tela ce." Ban taɓa gaya wa kowa a garin sana'ata ba, sai dai a irin wannan wuri ko kwali ka sauke daga mota an san abin da ke ciki.

Na karɓi rigar na ce ta dawo da yamma. Na jawo kwalin nan da ya yi kwana arba'in da 'yan kai a kusurwa, na yanke igiyar, na warware tsumman da na naɗe kan keken da shi. Almakashina ya yi ja. Allurai sun manne da juna a cikin takardarsu. Na ɗora kan keken a mazauninsa, na sa hannu zan juya, ya ƙi motsawa ko kaɗan.

Yadda na yi da rigar nan, da wanda ya zo ya kwance mini keken gunduwa-gunduwa a tsakar gida, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.