Haya mai wuta da ruwa a ciki: me ke cikin "komai" ɗin?

Duk wanda ya taɓa yawon neman gidan haya a cikin birni ya san maganar nan, dillali zai buɗe maka ƙofa yace ai wannan fulat ɗin komai na ciki, wuta da ruwa da kwashe shara, kai dai ka biya haya ka kwanta abinka. Kuma gaskiya ni ina son tsarin, musamman ga baƙon da bai daɗe da shigowa gari ba, ko ɗalibi, ko wanda aiki ya kawo shi na ɗan lokaci, dan ba sai yaje yana bin ofis ofis a saka mita da sunansa ba, kuma ya san abinda zai fita daga aljihunsa duk wata, ko zafi ake ko sanyi. Wannan kwanciyar hankalin ba ƙaramin abu bane.

Amma fa mai gida ba kyauta yake baka ba. Ya zauna yayi lissafin abinda ake sha a gidan, ya ɗora wani abu akai saboda tsaro, sannan ya zuba a cikin kuɗin hayar. Toh a nan abin yake damuna, dan idan mita ɗaya ce ta haɗa gidan gaba ɗaya, mai ƙaramin amfani shi yake ɗaukar nauyin mai babban amfani bai ma sani ba.

Duba lissafin da kanka, yunit ɗaya na wuta shine wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kwan fitila na LED mai wat 10, in ka barshi a kunne awa 10 kullum, yunit 3 kacal zai ci a wata. Na'urar sanyaya ɗaki mai cin wat 1,000 kuwa, in tayi awa 8 tana aiki ba tsayawa yunit 8 kenan a rana, wata guda 240. Ga dutsen guga, ga butar dafa ruwa ta lantarki da ke kaiwa wat 2,000, ga hitar wanka, duk abinda aikinsa zafafawa ne ko sanyayawa shi ne mai cin wuta, ba cajin waya ba. Kaga wanda ke fita aiki tun safe sai dare, daga fanka sai ƙaramin firij, kuɗinsu ɗaya da maƙwabcinsa da ɗakinsa ke sanyi ƙalau dare da rana. Wallahi wannan ba adalci bane, kuma daga nan ake fara kallon kallo tsakanin mutanen da ya kamata ace suna gaisawa da fara'a. In kai ne mai ƙaramin amfanin, ka tambaya ko za'a iya saka maka ƙaramar mita taka kai kaɗai a rage maka haya, wasu masu gidan suna yarda.

Sai maganar iyaka. Da yawa "komai na ciki" ɗin yana da iyakar da ba'a faɗa maka ranar duba gida, sai wata ya ƙare a kawo maka takarda ace ka wuce ƙa'ida ka cika. Saka iyaka ba laifi bane, shima mai gidan yana da haƙƙi, dan akwai 'yan hayar da zasu bar famfo na zuba ko su fita su bar komai a kunne tunda ba su ke biya ba, wannan ma cin amana ne. Laifin shine a ɓoye ta. A rubuta yunit nawa ne a wata, in an wuce nawa ake biyan kowane yunit, wa ke karanta mita kuma wace rana. Ranar da ka tare ka ɗauki hoton mitar da wayarka. Intanet da gas kuma kar ka ɗauka suna ciki sai ka gansu a rubuce.

Abinda mutane suka fi mantawa shine bil ɗin da sunan mai gida yake zuwa. Kai ka biya hayarka cif, shi kuma in ya riƙe kuɗin bai kai wa kamfani ba, ɗakinka ne zai yi duhu, kuma kaje ofishinsu da ƙyar su saurare ka dan ba kai ne mai asusun ba. Shi yasa kafin na saka hannu a yarjejeniya nake roƙon a nuna min rasit na watannin baya, sannan na samu wani ɗan haya a gidan mu gaisa na tambaye shi ko an taɓa yanke musu wuta ko ruwa, shi zai faɗa maka abinda dillali ba zai faɗa ba.

Ka kuma tambaya, in kamfani ya ƙara kuɗin wuta ana tsakiyar shekara, hayar zata tsaya yadda take har wa'adi ya cika ko za'a dawo maka da sabon lissafi? Duk amsar da aka baka, a saka ta a takardar kafin ka miƙa kuɗi.