Laraba: ni da Kawu da jirgin yaƙin Hitila

Wuta ba ta zo ba sai bayan la'asar, ita ma leƙowa kawai ta yi ta koma. Shago shiru, ko mai tambayar farashi babu. Sai na ɓige da kallon wani shiri a waya kan jiragen yaƙin Jamus masu tafiya ƙarƙashin teku, har caji ya kusa ƙarewa. Ɗaya daga cikinsu, U-869, shi ne ya tsaya mini a rai har yanzu da nake wannan rubutu.

Bayan isha'i na kai wa Kawu maganinsa. Na same shi ƙofar gida a kan tabarma, rediyo a cinya, yana ta faman murɗa tasha. Ya dube ni ya ce, "Kai kuma yau wa ya taɓa ka?" Na ce, "Allah ya ja kwana, wani jirgi ne na lokacin yaƙin duniya na biyu." Ya ce, "Yaƙin Hitila za ka ce. Zauna."

Na ba shi labari. Jirgin ya tashi daga Norway a Disambar 1944 da mutum 56, kwamandansu Hellmut Neuerburg, aka nufe su da gaɓar Amurka wajajen New York. Suna cikin tafiya hedikwata ta sauya shawara, ta aika saƙon rediyo cewa su juya zuwa Jibralta, mashigar tekun da ke tsakanin Spain da Maroko. Ga dukkan alamu saƙon bai taɓa isa kunnensu ba, suka ci gaba da yin yamma. Da aka gama yaƙi, masu haɗa lissafi suka duba takardu, suka ga umarni ya ce Jibralta, suka ga kuma ranar 28 ga Fabrairu 1945 wani jirgin Amurka da na Faransa sun kai hari kusa da Rabat ta Maroko. Shi ke nan, suka haɗa biyun suka rufe fayil.

Kawu ya rage muryar rediyo. "To wa ya tono zancen?"

Na ce masu nutso ne. A 1991 suka ci karo da gawar jirgi kamar kilomita 100 daga gaɓar New Jersey, a zurfin mita 70 da ɗoriya, inda babu takardar da ta ce akwai jirgin Jamus. Ga ƙasusuwan mutane a ciki, ga farantan cin abinci masu tambarin sojan ruwan Jamus. Ɗaya daga cikin masu nutson, John Chatterton, ya fito da wata wuƙa mai ƙotar katako, an sassaƙa suna a jiki: Horenburg. Aka bincika, mai wannan suna ma'aikacin rediyo ne a U-869. Amma tunda littafi ya ce jirgin yana Maroko, sai aka ɗauka ko wuƙar ce ta sauya hannu. Sai a 1997 da aka ciro wani akwatin kayan gyara mai ɗauke da lambar jirgin sannan gardama ta ƙare. Kafin nan masu nutso uku sun rasa rayukansu a wurin, biyu uba da ɗansa ne.

"Wato wuƙa ta faɗi gaskiya, takarda ta ƙaryata ta," in ji Kawu. Ya yi dariyar nan tasa ta tsohon ma'aikacin gwamnati. "Ɗan nan, na yi aikin ofis. In magana ta shiga fayil, ko mai ita ya zo da ƙafarsa sai ya kawo shaida."

Ni abin bai ba ni dariya ba. An rubuta mutuwar mutane a inda aka ce su je, ba inda suka je ba, kuma shekara hamsin iyalansu suna tuna su da wani teku daban. Har abin da ya nutsar da su ana ja-in-ja a kai: wasu sun ce makamin da suka harba ne ya kewayo ya same su, wasu sun ce jiragen Amurka biyu ne suka yi musu ruwan bama-bamai ranar 11 ga Fabrairu.

Ashe Goggo na jin mu daga zaure. Ta ɗaga murya: "Matansu fa, sun yi takaba kuwa?" Kawu ya fara yi mata bayanin hukuncin matar wanda ya ɓata, shekara huɗu sannan idda, ta ce ita ba fatawa ta tambaya ba.

Na ce masa kada tausayi ya ɗebe mu, ai farautar jiragen kaya suka fita yi, kuma a cikin waɗancan ma 'ya'yan wasu ne. Ya gyaɗa kai. Amma da na ƙara cewa cikin kusan mutum 40,000 da suka shiga irin waɗannan jirage, wajen 30,000 ba su dawo ba, akasari samari, sai ya yi shiru yana jan carbi.

A cikin ma'aikatan U-869 akwai mutum ɗaya da ya tsira, Herbert Guschewski, shi ma ma'aikacin rediyo. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi a asibiti dab da tashi, jirgi ya tafi ya bar shi. A talabijin ya ga an gano abokansa, yana tsoho. Kawu ya ce, "Mai rabon shan ruwa ke nan," sannan ya tambaye ni ko ƙwaya biyu zai sha ko ɗaya.

Autanmu bai dawo da mashin ba sai sha ɗaya saura, tanki kuma a bushe. Gobe zan ji da shi.