Wata uku ina bin sawun kalmar "mama"

'Yata ce ta jawo mini wannan aiki. Tana da wata bakwai ta soma "ma-ma-ma", uwarta ta dinga murna wai an kira ta, ni kuwa ina gefe da ɗan kishina. A daren na ɗauko tsohon littafin rubutu na fara jera harsunan da ke kiran uwa da wannan kalma. Kafin mako ya zagayo shafi ya cika: Suwahili, Sinanci, Rashanci, har da Kecuwa, harshen mutanen tsaunukan Peru da Bolibiya. Sai kaina ya kumbura. Na ce ai shi ke nan, na gano ragowar harshen farko da 'yan Adam suka yi magana da shi.

Harshen Jojiya, ƙasar da ke maƙwabtaka da Rasha, shi ne ya sace mini gwiwa. A can "mama" uba ne, uwa kuwa "deda". Na ɗauka kuskuren ɗab'i ne, na sake dubawa a wani ƙamus, haka abin yake. Da na waiwayi Hindi sai na tarar "mama" kawu ne, ɗan'uwan uwa. Tsohon Japananci ma "papa" yake kiran uwa, kalmar da ta rikiɗe ta zama "haha" a yau. Laifina ne: duk abin da ya dace da ra'ayina sai in rubuta, wanda bai dace ba in tsallake kamar ban gani ba. Dole na buɗe sabon shafi don masu saɓa mini, shi ma bai daɗe ba ya fara cika.

Daga baya na ci karo da aikin George Murdock, masanin al'adu Ba'amurke, wanda a 1959 ya tara sunayen uwa da uba sama da 1,000 daga al'ummomi ɗaruruwa. Ya ga sautin "m" da "n" sun fi yawa a sunan uwa, "p" da "t" a sunan uba, ko a harsunan da ba su haɗa komai ba. A 1960 Roman Jakobson, masanin harsuna, ya kawo dalili. Jariri ba ya buƙatar haƙori ko iya sarrafa harshe kafin ya ce "ma": ya rufe leɓe, ya buɗe baki, iyakarta ke nan. Idan yana shan nono ma, bakinsa a toshe, gunagunin da zai iya yi ta hanci yake fita, "mmm". Manya ne ke tsintar sautin su liƙa masa ma'ana, wanda ya fi kusa da yaron ya riga kowa cewa da shi ake.

A nan na daɗe ina jinjina wani abu. A Latin, harshen tsohuwar Rum, "mamma" nono ne, daga nan Linnaeus, masanin halittu ɗan Suwidin, ya ciro sunan Mammalia a 1758 don dabbobi masu shayarwa. Hausa ma tana ce wa nono "mama", ba tare da ta ara daga Rum ba. Bakin jariri ne ya haɗa su, ba fatauci ko yaƙi ba.

Abin da ya ƙarasa gamsar da ni shi ne kalmomin gado na tsufa. "Pater" na Latin, wato uba, ya lashe har ya zama "père" a Faransanci, amma "papa" na nan daram a bakin yaran Faransa, domin kowane sabon jariri sake ƙera ta yake yi.

Ina cikin wannan karatu, 'yar tawa ta rarrafo ta cafki takalmina, ta ƙura masa ido ta ce "mama". Na juya ina dariya. Uwarta ta harare ni ta ce, "Malam, kada ka kuskura ka sa wannan a littafin nan naka." Na riga na sa, a shafi na biyu, ƙarƙashin Jojiya.