Saƙon direban da ba a saurara ba

Kwas ne da nake koyar da 'yan aji uku: kowane rukuni ya ɗauko matsala ta gaske, ya jefa wa jama'a, ya tattara dabarunsu, sannan ya gwada wadda ta fi. Yawancinsu sun yi sun gama lami lafiya. Rukunin tumatir ne har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Tambayarsu ba ta da laifi: ta yaya za a rage asarar tumatir tsakanin kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a Kano da kasuwar Mile 12 ta Legas? Suka sa kyautar katin waya, suka buɗe shafi a Facebook, suka ba da lambar WhatsApp. Sai suka ce dabarar da aka fi danna wa alamar babban yatsa ita ta ci. Abin haushin, mun yi darasin nan a aji. A 2016 aka nemi mutanen Birtaniya su zaɓa wa jirgin ruwan bincike suna a intanet, suka zaɓi Boaty McBoatface don barkwanci, dole hukuma ta yi watsi da shi ta sa wa jirgin sunan Sir David Attenborough. Ɗaliban nan sun yi dariya har da buga benci, suka fita suka maimaita.

Wanda ya ci wani ɗalibi ne mai tarin mabiya. Manhaja ya kawo, wai za ta haɗa manomi da dillali, ga hoto tsaf. Abokan ɗakin kwanansa suka yi ta yaɗawa har ya yi wa kowa fintinkau.

Ranar gabatarwa na ce su buɗe mini WhatsApp ɗin. Saƙonnin murya jingim, ba wanda aka taɓa.

"Malam, ai murya ba ta hawa shafin, ba yadda za a yi a zaɓe ta."

Na ce a kunna. Wani dattijon direba ne, kana jin ƙugin inji a bayansa. Ya ce kwandunan kaba ake jibgawa wani kan wani, na ƙasa ya matse, kafin a kai Jebba ruwan tumatir na tsiyaya daga mota. Akwatin roba ya fi, don bakinsa ke ɗaukar nauyin na sama, kuma kowa a tasha ya san haka. Abin da ya hana shi karɓuwa, in ji shi, wa zai biya kuɗin dawo da akwatunan Arewa ba komai a ciki? A nan ya ce a zuba tunani.

Mutumin nan tambayar ma ya gyara musu. Kuma maganarsa ana iya gwada ta da kwando biyu, akwati biyu da buhun yashi a bayan sashenmu. Manhajar kuwa ko a shekara ba za su gina ta ba, balle gwaji. Ga shi an riga an tura kati.

Dalilin tambayar jama'a ke nan tun farko, a samu wanda ba ya cikin ɗakin. Kyautar fam 20,000 da majalisar Birtaniya ta sa a 1714 don gano matsayin jirgi a teku, John Harrison ne ya warware matsalar da agogonsa, shi kuwa kafinta ne asalinsa. Tsarin ɗalibaina ya toshe wa irinsa ƙofa: wanda ba ya rubutu, ba shi da mabiya, ba ya cikin gasar.

Yanzu ba na sa hannu a kan aiki sai na ga ma'aunin hukunci a rubuce kafin a buɗe shafi. Jama'a su kawo dabara, amma alƙalai daban, kuma dole a cikinsu akwai mai yin sana'ar. Kowane saƙon murya a saurara a rubuce shi. Tambayar kanta a fara kai ta kasuwa a ji yadda 'yan kasuwa suka fahimce ta. Ɗalibai na ƙorafin aikin ya yi yawa. Su yi ta yi.

Rukunin tumatir sun zo ofis roƙon a ƙara musu maki, wai shafinsu ya fi na kowa cika. Na ce su fara kiran direban su ba shi haƙuri tukuna.