Tabarmar roba ce ta cinye min daɓen tirela

Har yanzu in na tuna kuɗin da daɓen nan ya ci sai raina ya ɓaci. Tirela ce ƙarama da mota ke ja, buɗaɗɗiya ta alminiyom, mai ɗaukar babur ɗin ƙanƙara biyu, wato babur mai tafiya a kan dusar ƙanƙara, daɓenta katakon filawud. Da ita muke bin babbar hanyar I-35 zuwa garin Duluth na jihar Minesota a Amurka da hunturu. Jihar Minesota tana da hanyoyin baburan ƙanƙara da suka haura mil 22,000, to wa zai zauna gida?

Da na saye ta, wani mai shago ya ce in shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, bango da bango, wai ruwa ba zai taɓa katakon ba. Maganar ta shiga kunnena, don ƙarfen da ke ƙarƙashin takalman babur, wato dogayen faifai biyu na gaba da yake sulɓi a kansu, yana tsaga katako duk hawa duk sauka. A ido kuwa abin ya yi kyau.

Sai da bazara ta shigo na taka gefen baya na ji ƙafata ta lotsa. Na ɗaga tabarmar, sai wari, sai baƙar fumfuna, sukundireba na shiga katakon kamar cikin tuwon da ya kwana. Ashe ƙanƙarar da ke narkewa daga jikin baburan tana gangarawa ta gefe da ramukan noti ta kwanta a ƙarƙashi, roba kuma ta hana ta fita. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, haka ya yi ta buɗa fallayen katakon, ya narke, ya ƙara shiga ciki. Ga gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, wanda taya ke watsowa ta ƙasa, shi kuma jan laima yake, ba ya barin wuri ya bushe. Katakon da aka bari tsirara ma da ya fi wannan daɗewa, tunda aƙalla yana shan iska. Wannan ne ya fi min ciwo.

Wajen canjawa na kusa sayen katakon da aka tsima da maganin ruɓa, maƙwabcina ya tare ni. Tun wajen 2004 maganin da ake sa wa irin wannan katako a Amurka yana da jan ƙarfe da yawa, kuma in ya haɗu da alminiyom a cikin danshi sai ya ci shi. Ko dai a sa tef mai kauri tsakaninsu, ko a sayi filawud na jirgin ruwa. Na biyun na saya, da tsada.

Wannan karon na shafa mai tun katakon yana ƙasa, kafin in ɗaura. Mai nake nufi, irin wanda ke ratsa katako, ba fenti ba, don fenti da zarar ƙarfe ya karce shi ruwa ya samu ƙofa. Bayan katakon da bakin gefensa su suka fi shan mai, na yi ta ƙara musu har suka daina sha. Kowane ramin noti sai da na ɗura masa. A yi wannan aiki da zafi, a watan Yuli ko Agusta, domin da sanyi man ba ya bushewa.

A madadin tabarma sai na kafa siraran layukan leda mai tauri inda takalman ke bi, da guntun roba a tsakiya inda bel ɗin da ke tura babur ke kamawa. Sauran daɓen a buɗe yake. In mun dawo nakan share ƙanƙarar tun ba ta narke ba, in wanke ƙasan tirelar idan sanyi ya ɗan sassauta, sannan in ɗaga gabanta da jak ruwa ya tsiyaye ta baya.

Tabarmar tana gareji, nakan kwanta a kanta in ina gyaran mota. Duk wanda na gani ya shimfiɗa irinta a tirela sai na roƙe shi ya ɗaga gefe ɗaya ya duba.