Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a kan ciwon ƙanwata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mun iso Tawa shekaranjiya da dare bayan sati shida a Yamai, kuma tun cikin mota nake ta tunanin ta ina zan fara, don wallahi mutanen da suka yi mana alheri sun fi ƙarfin lissafi.

Waɗanda suka san gidanmu sun san ƙanwata ɗinki take yi. Kusan shekara guda tana cewa yaya idan na tashi tsaye sai in ga duhu ya rufe min ido kamar an saki labule, minti ɗaya ko biyu sai ya waye, ga hannun hagu da ke mutuwa in ta ɗan yi daka. Mu dai muka ce rashin jini ne, wasu suka ce iska, har rubutu ta sha. Ranar da na ganta riƙe da allura da zare ta kasa zurawa tana hawaye a nan jikina ya yi sanyi.

Godiyata ta farko ga ma'aikaciyar jinya da ta auna mata tansiyo. Hannun hagu abin awon ya ƙi nuna komi, ta sake, ta taɓa wuyan hannun ba bugun jini, ta koma na dama ya fito. Da wata ce sai ta ce na'ura ce ta lalace ta wuce, ita kuwa ta rubuta a takarda ta ce mu nuna ma lokotoron ido. Allah ya saka mata da aljanna. Shi kuma lokotoron idon ya ɗiga mata magani ya duba can cikin idon da fitila, ya ce malam matsalar ba a idon take ba, jini ne ba ya isowa yadda ya kamata, ku tafi Yamai kada ku jira.

A can aka yi analiz na jini, aka yi eko na wuya, aka ga manyan jijiyoyin da ke kai jini kai da ido sun kumbura daga ciki hanyar ta matse. Sunan ciwon Takayasu, ni ban taɓa jin shi ba sai ranar. Lokotoro ya zaunar da mu ya ce sunan wani likitan ido ne ɗan Japan, a 1908 ya fara ba da bayaninsa bayan ya ga jijiyoyin cikin idon wata matashiya sun canza kama, kuma galibi mata yake kamawa waɗanda ba su kai 40 ba. Har ana ce masa ciwon rashin bugun jini. Da ya faɗi haka sai na tuna da wannan baiwar Allah ta Tawa da takardarta.

An ɗora ta kan wani magani mai suna prednisone, an ja mana kunne sosai kada ta tsayar da shi da kanta ko ta ji sauƙi, ta rage gishiri da sukari, kuma a riƙa auna mata ido don shi kansa maganin in an daɗe ana sha yana iya kawo yanar ido ko hawan jinin ido. Idon hagu abin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba, sun faɗa mana gaskiya kuma mun gode da gaskiyar. Na dama alhamdulillahi an tare shi.

Gwaggonmu ta unguwar Bukoki a Yamai da ta bar mana ɗakinta tana kai mana kunu asibiti kullum da asuba, ba mu da bakin gode miki gwaggo. Matan adashin inna da suka ba ta kwasar da ba tata ba, 'yan uwanmu na Abijan da suka turo kuɗin skana tun ban roƙa ba, liman da jama'ar masallacin unguwa, da yaran da suka riƙe min shago, Allah ya biya ku ya raba ku da ciwo.

Akwai randebu nan da wata uku za mu koma, a ci gaba da sa ta a addu'a don Allah. Jiya da la'asar ta zauna bakin ƙofa ta zura zare da kanta, sau uku ta gwada kafin ya shiga, inna na gefe tana ta hamdala.